Ranar da dare ya yi mana da hantsi

A daren Litinin 8 ga Afrilu 2024, ana jibi Ƙaramar Sallah, mun sha ruwa ina kishingiɗe a tsakar gida ina jiran lokacin asham, sai 'yata ta zo ta miƙo mini waya. Ta ce, "Abba, ka ga abin da ke faruwa a Amurka yanzun nan. Wai duhu ne ya rufe su da rana tsaka." Na karɓa na duba. Turawa ne maƙil a wani fili, kowa da baƙin tabarau na kwali, ana ta ihu ana tafi, ga rana can sama ta koma baƙin faifai. Na ce mata ai ni na ga irin wannan da idona, kuma a garinmu. Ta yi mini irin kallon nan da yaran yanzu ke yi wa mutum idan suna zaton ya fara ƙarin gishiri.

Sai daga baya na karanta cewa ashe husufin da ta nuna mini da wanda na gani 'yan ɗaki ɗaya ne. Masana taurari sun ce kowane husufi yana da ƙani da ke biyo shi bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da kusan awa 8. Waɗannan awa takwas ɗin su ke sa duniya ta ƙara juyawa, sai ƙanin ya faɗa wata nahiya can yamma. Namu ya zo ranar Laraba 29 ga Maris 2006. Mai karatu ya lissafa da kansa ya gani.

A wancan lokacin ina Kano, shekarata ta uku a industiri. Kada wani ya fara laluben fuskata a ƙwaƙwalwarsa, ban taɓa fitowa a fim ba ko a cikin 'yan taron biki. Yaron mai kyamara ne ni. Ni ke saɓa ƙafar kyamara, ni ke riƙe farin allon da ake haska fuskar jaruma da shi, ni ke cajin batir, kuma in an tashi daga lokeshin ni ake mantawa a ba kuɗin mota. Amma a garinmu, wani ɗan gari da ke kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, duk wannan bayanin ba shi da amfani. Sunana ɗan fim, shi ke nan.

Mahaifina shi ne limamin masallacin unguwarmu, yana da makarantar allo a zaure. Ni ne ɗan fari, kuma ni aka sa ran zan gaji buzun. Na sauke, na yi Ahalari da Ishmawi da Iziyya a gabansa, ina tsakiyar Risala na gudu Kano da sunan neman kuɗin dawowa in yi aure. Tun ranar da aka kai masa labarin an ga sunana yana hawa a ƙarshen wani kaset mai rawa da waƙa, bai ƙara yi mini magana mai tsawo ba. Bai yi mini baki ba, bai kuma hana ni shiga gida ba. In na durƙusa na gaishe shi sai ya ce "lafiya", ya ci gaba da jan carbinsa. Duk wanda ya san irin iyayen nan namu ya san gara a kama ka a yi maka dukan tsiya.

Ƙidayar jama'a ce ta kai ni gida a watan Maris ɗin. An fara ta ranar 21 ga wata, aka hana zirga-zirga, aiki ya tsaya cak a industiri, sai kowa ya kama hanyar garinsu tun kafin a rufe hanya. Maigidana ya bar mini ƙaramar kyamarar da muke ɗaukar biki da ita, ko zan samu ɗan aiki a ƙauye, ni kuma na sayi sabon kaset guda ɗaya, irin ɗan ƙaramin nan mai cin awa ɗaya. Da aka ƙara kwana biyu a kan ƙidayar, sai na ce bari in ƙarasa zama in ga abin da rediyo ke ta faɗa.

Don kuwa rediyo ba ta da wata magana a makon sai husufi. Sashen Hausa na BBC ya faɗa, gidajen rediyonmu na nan gida suna ta maimaitawa: ranar Laraba da hantsi rana za ta rufe, kada kowa ya firgita, kada kuma a kalle ta da ido tsirara. Hukuma tana da dalilin damuwa. A watan Janairun 2001 da wata ya yi husufi, wasu matasa a Maiduguri sun far wa otal-otal da gidajen giya sun cinna masu wuta, wai zunubin da ake tafkawa a ciki ne ya jawo. Ba wanda ke son a maimaita.

A teburin mai shayin bakin tasha kuwa kowa da tasa fassarar. Wani ya ce tazarcen Obasanjo ne, tunda lokacin ana tsakiyar rigimar wa'adi na uku. Wani ya ce ai tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a watan jiya ya san shekarar ba ta lafiya ba ce. Wani dattijo ya ce ƙidayar ce kanta, don bai taɓa ganin an ƙirga 'yan Adam kamar awaki an wanye lafiya ba. Can sai wani mai faci, wanda muka yi allo tare, ya kurɓi shayi ya ce, "Mi za ya hana rana ta ɓoye fuskarta, ɗiyan malamai sun koma bin 'yan rawa?" Bai dube ni ba. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma biredin nan da ƙyar ya wuce.

Kakata, wadda ta haifi mahaifina, ita ba ta shiga gardama ba. Sa wa ta yi aka auno gero aka daka gumba ta sadaka. Ta ce ta ga irinsa shekarar babban fari, rana ta dushe da tsaka kamar fitilar da mai ya ƙare mata, kuma abin da ya biyo baya ba ta fatan jikokinta su gani. Da na bincika daga baya na gane husufin 30 ga Yuni 1973 take nufi. Shi inuwarsa ta bi ta arewacin Nijar ne ta wuce Chadi, mutanenmu gefensa kawai suka samu. Farin kuwa ya riga husufin farawa, amma wa zai tsaya yi wa tsohuwar da ta ga shanunsu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya wannan lissafin?

Daren Talata bayan isha'i na yi ta maza na shiga zaure. Na shirya tsaf, don na ɗauka Baba zai ce masu rediyo suna shiga gaibu, ni kuma in kawo masa bayanin kimiyya in burge shi. Na zauna nesa da buzunsa na ce, "Baba, kun ji an ce gobe rana za ta yi husufi?"

Ya ɗan jima bai tanka ba. Sannan ya ce, "Na rana kusufi ake ce mashi. Husufi na wata ne." Ya ƙara jan carbi. "Yau nawa ga wata?"

Wallahi ban sani ba. Na san 28 ga Maris, na san ranar da za mu koma lokeshin, amma ɗan liman guda ban san ko a wane wata muke na Musulunci ba. Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Safar ya zo ƙarshe. Rana ba ta kusufi sai a ƙarshen wata, shi kuma wata ba ya yi sai a tsakiyarshi. Wannan hisabi ne, malamanmu sun san shi tun ba a haifi mai rediyon ba. Tashi ka ba ni wuri."

Na fito da kunyata. Duk abin da na haddace zan faɗa masa, ya taƙaice shi a magana biyu. Gaskiyarsa ce kuwa. Wata ne ke gittawa tsakaninmu da rana, kuma ba ya zuwa wannan wurin sai a kwanakin da ya ɓace, kafin a ga sabo. Abin da ya sa ba a yi duk wata shi ne hanyarsa ta ɗan karkace, yawanci sai ya wuce ta sama ko ta ƙasa da ita. Abin mamakin shi ne rana ta ninka wata girma kusan sau 400, amma kuma ta ninka shi nisa kusan sau 400, shi ya sa in sun haɗu yake rufe ta ruf kamar faifai a bakin ƙwarya. Duk da haka, a daren na kwanta da ɗan farin ciki. Rabon da ya haɗa mini jimla huɗu a jere an fi shekara biyu.

Da safe na je wurin mai walda na aro baƙin gilashinsa, na manna shi a gaban idon kyamara da salatif. Na kafa ta a ƙarƙashin bishiyar bedi da ke ƙofar masallaci, wato darbejiya in ji Kanawa, inda ta gefen rassan ake hango rana sosai. Gari ya yi zafi tun da wuri, irin zafin bazara, sama fes in ban da ɗan ƙura. Wajen tara da kwata na leƙa ɗan allon kyamara na ga an ɗan gutsuri gefen rana, kamar ɓera ya taɓa ƙuli-ƙuli. Na ce wa yaran da suka kewaye ni, "An fara!" Suka ɗaga kai suka ce ƙarya nake, don in ba ta gilashi ba ba abin da ya canza.

A nan zan ɗan tsaya in faɗi wani abu. Ranar na ga masu kallo ta cikin ruwa a kwano, na ga masu nagetif na hoto, da masu zaren kaset, da masu gilashin da aka turara da hayaƙin aci-bal-bal, har da masu tabarau na gayu. Duk cikinsu ba mai kare ido. Rana tana ƙona cikin ido ba tare da mutum ya ji zafi ba, sai daga baya ya ga wani tabo yana bin duk abin da ya kalla. Ko gilashin walda sai mafi duhu, mai lamba 14, kuma ni kaina ban duba lambar wanda na aro ba. Allah ne dai ya tsare.

Wajen ƙarfe goma abin ya fara bayyana ga kowa. Hasken ya koma wani iri, ba na safe ba, ba na yamma ba, kamar an sa wa duniya tsohon batir. Zafin ya karye, wata iska mai sanyi ta taso. Wani almajiri ya ja rigata ya nuna mini ƙasa. Duk ɗigon hasken da ke ratsowa ta ganyen bedi ya koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwa, a ƙasa da jikin bangon masallaci da jikin rigunanmu. Yara suka yi ta tsalle suna tattaka su.

Lokacin ne Baba ya fito daga zaure da farar rigarsa da rawani. Ita wannan sallar ba kiran salla ba iƙama, yara kawai aka tura suka zaga unguwa suna faɗa, kuma kafin ka ce me masallaci ya cika har waje. Na ga mutanen da ko Juma'a sai an yi da gaske suke zuwa, yau suna rige-rigen sahun gaba, har da mai facin nan. Baba ya zo wucewa ta gabana. Ya dubi kyamara, ya dube ni. Na san abin da kallon ke nufi: ga masallaci, ga abin wasanka, zaɓi ɗaya. Ya cire takalmansa ya shiga. Ni kuma na tsaya a inda nake. Har yau in na tuna ina jin nauyin tsayuwar nan, kuma har yau ban iya cewa na yi nadama ba.

Sallar kusufi raka'a biyu ce, amma kowace raka'a tsayuwa biyu da ruku'u biyu, kuma ana tsawaita karatu ƙwarai. A Risalar da na gudu na bari, a ɓoye ake karatun. Can ɗaya gefen gari masallacin 'yan Izala sun tayar da janareta, limaminsu yana karatu a bayyane, ana jiyo shi sama-sama in iska ta kaɗo. Namu kuwa tsit. 'Yar lasifikarmu mai aiki da batirin mota ba abin da ke fita daga cikinta sai numfashi da ɗan tari, sai in an jima ka ji kabbara.

Daga nan komai ya shiga sauri. Kaji suka kama hanyar akurki a guje. Balbelu suka taso daga fadama jere-jere suka nufi bishiyar da suke kwana. Awaki suka taru a bakin ƙofa suna kuka, wani jaki ya ɓarke da nasa. Na waiga kudu maso yamma na ga sama ta yi baƙi ƙirin kamar gagarumin hadari, amma ba gajimare ko ɗaya, kuma baƙin nan tahowa yake. Goma da rabi ta ɗan gota, ragowar ranar ta tsuke ta zama ɗigo guda mai ƙyalli. Sai ɗigon ya mutu.

Kun san abin da ɗan fim ɗinku ya yi a wannan lokacin? Allon kyamara ya yi baƙi, sai na ɗauka batir ne ya ƙare. Na shiga lalube ina zagin batir, ina danne-danne. Na ɓata kusan minti guda kafin in tuna gilashin walda na nan manne, alhali in rana ta rufe gabaki ɗaya ba a bukatarsa. Na fizge shi. Kyamara ta shiga neman abin da za ta kama, hoto ya taru ya watse, ya taru ya watse. Da na ga abin ba na ƙare ba ne sai na sake ta, na ɗaga kaina.

Na sha ba da labarin nan, kuma kullum sai in ji ban faɗe shi daidai ba. A inda rana take akwai wani baƙin rami, baƙin da ban taɓa ganin irinsa ba. Kewaye da shi wani farin haske ne mai laushi, ya bazu kamar gashin tsohuwa da aka tsefe, wani gefen ya fi wani tsawo. Ba ya kashe ido, kana iya kallonsa kamar yadda kake kallon wata. Can yamma da ita ga Gamzaki ya fito fes, da hantsi. Duhun bai kai na tsakar dare ba, ya fi kama da bayan magariba, sai dai jan nan da ake gani a yamma in rana ta faɗi, ranar ta ko'ina yake, gabas da yamma, kudu da arewa, kamar an kewaye garin da gobarar daji daga nesa.

Sai kuma sauti. Daga cikin gidaje mata suka ɗauki salati baki ɗaya. Wani jariri ya tsala kuka. Wasu yara a bayan gari suka hau kaɗa gwangwani, irin yadda muke yi muna ƙanana in an ce rana ta kama wata, muna roƙon ta sake shi. Na ji gwiwoyina suna rawa. Ni da na kwana ina taƙama da sau 400, na san abin da ke faruwa, na san minti nawa zai yi, amma jikina bai yarda da lissafin ba. A zuciyata na ce, in fa ba ta dawo ba? Ana cikin haka sai lasifikarmu ta yi ƙara, muryar Baba ta fito cikin duhun nan, a natse, ba gaggawa: "Allahu Akbar." Na ji sahu ya sunkuya gaba ɗaya, ƙasusuwan tsofaffi suna ƙara. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Kusan minti huɗu aka yi. Sai wani ɗigon wuta ya ɓullo ta gefen baƙin faifan, dole kowa ya kau da kai, haske ya dawo kamar an yaye bargo. Zakarun gari suka hau cara, su a dole asuba ta yi. Inuwar ta wuce mu ta shiga Nijar ta wajen Maraɗi da Damagaram, ta nufi Hamada. A Brazil ta faro da fitowar rana, ta tsallako teku, ta bi ta Ghana da Togo da Benin, ta shigo mana ta Shaki ta bi ta Gusau kafin ta iso mu. A kan iyakar Chadi da Libiya ta fi daɗewa, minti 4 da daƙiƙa 7, sannan ta wuce ta gefen Masar da Turkiyya, ta je ta ƙare a Mongoliya da faɗuwar rana. Faɗinta bai kai kilomita 200 ba, shi ya sa abokan aikina da ke Kano suka ce su dai gari ya dushe, amma dare bai yi ba. Har yau wasunsu gani suke na ƙara gishiri.

Da aka sallame, Baba ya juyo ya yi ɗan wa'azi, gajere. Ya ba da labarin ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka yi kusufi a Madina, mutane suka ce don rasuwar ne, Annabi ya gyara masu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba su kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Sannan ya ce, "Na ji ana ta rabon laifi a bakin tasha. Wanda duk ya ji tsoro yau, to shi aka yi wa. Kowa shi dubi nashi." Bai ambaci kowa ba. Amma ni da ke tsaye a gindin bedi na ga mai faci yana sosa ƙeya.

Bayan la'asar wani almajiri ya zo ya ce Malam na kira. Na shiga zaure gabana na faɗuwa, na ɗauka hukuncin ƙin shiga sahu ne ya zo. Na durƙusa. Ya ce, "An ce ka ɗauko ta cikin abin nan naka."

Na ce, "E, Baba, amma bai yi kyau ba."

Ya ce, "Ni ina ciki. Duhu kawai na gani, har bangon gabana ya ɓace mani. Kawo in gani."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Duk garin nan, mutumin da ya fi kowa sanin mene ne kusufi shi ne bai gan shi ba, shi da mutanen sahun gaba, kuma ya san ba lallai ya ƙara samun wani ba. Na ɗauko kyamara na buɗe ɗan allon, na matsa kusa da shi, kusancin da rabona da shi tun ina biya karatu. Ƙamshin turarensa da na tawada bai canza ba. Ya gyara tabarau. Muka kalli baƙin allo na minti guda, ana jin muryata ina tsine wa batir, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai ce komai ba. Sai farin zoben ya bayyana, yana rawa, yana taruwa yana watsewa. Ya ce, "Subhanallahi. Ashe haka ta yi." Ya ce in mayar baya. Sau uku muna kallo.

A na ukun ne ya ɗaga hannu daidai wurin kabbara. Ya ce, "Wa ke ja masu salla nan?"

Na ce, "Ai ku ne, Baba."

Ya yi shiru. Bai taɓa jin muryarsa a na'ura ba. Can ya ce, "Wannan ai muryar Malam ce." Mahaifinsa yake nufi, wanda ya rasu tun ban yi wayo ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin rawani, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya miƙo mini kyamarar da hannu biyu, yadda ake miƙa littafi, ya ce, "Ka adana shi."

Ba zan ce daga ranar ya yarda da harkar fim ba, don bai yarda ba har ya koma ga Allah. Amma in na zo gida yakan tambaye ni ya aiki, kuma ya daina amsa gaisuwata da kalma ɗaya.

To, ban adana ba. Da damina ta faɗi a shekarar muna lokeshin a bakin wani dam muna ɗaukar waƙa, kaset ya ƙare, gari da nisa, rana na shirin faɗuwa, darakta na ta masifa, jaruma ta ce ita fa gobe tana da wani aikin. Aka ce wa ke da kaset? Yana cikin jakata. Ba wanda ya tilasta ni, ni da hannuna na zaro shi na miƙa. A raina na ce ai hoton bai yi kyau ba, kuma wanda zan nuna wa ya riga ya gani. Har wani daɗi na ji da darakta ya dafa kafaɗata ya ce na fitar da su kunya. Fim ɗin ma ko kasuwa bai shiga ba, rigima ta cinye shi tsakanin furodusa da mai kuɗin.

Baba ya rasu a 2011. Ba shi da hoto ko ɗaya in ban da na katin zaɓe, don ba ya yarda a ɗauke shi. Bayan an share makoki ƙannena suka tambaye ni kaset ɗin nan da Malam ya ce in adana, ashe ya ba su labari. Na ce yana Kano. Na koma na shiga nema kamar mahaukaci. Lokacin an fara barin kaset an koma kati, tsofaffin an zuba su a buhuna. Na yi sati uku ina zazzage buhu a shagon tsohon maigidana, ina shaƙar ƙura, kafin in gane shi da ɗan rubutun da na yi a jikinsa da jan biro. Sai da na ƙara kwana biyu kafin in samu mai kyamarar da za ta iya karanta shi.

Na zauna na kalli waƙar nan tun daga farko. Saurayi da budurwa suna zagaya bishiya, a yanke, a sake, a yanke, a sake, kusan minti hamsin. Gutsurarriyar rana ta tafi, baƙin allo da zagin batir sun tafi, farin zoben da muka kalla sau uku ya tafi. Ina shirin kashewa sai hoton ya yage, abin da ke ƙasa ya fito. Ashe waƙar ba ta cinye kaset ɗin duka ba. Abin da ya rage bai kai minti biyu ba, kuma bayan haske ya dawo ne, lokacin na ciro kyamarar daga ƙafarta tana rataye a hannuna ban kashe ba. Ana ganin ƙasa, da jinjirayen watan nan na gindin bedi, da takalma jere a ƙofar masallaci, nasa na nan a gefe, fatar ta lanƙwashe ta wajen diddige. Zakaru na ta cara. A daidai inda waƙar ta yanke kuwa akwai kabbara, amma rabinta ya tafi. Abin da ya saura shi ne "...Akbar."

Na sa an juye mini shi, yanzu yana wayata, yana wayar kowa a gidanmu. Na ji an ce ranar 2 ga Agusta 2027 inuwar wani husufin za ta bi ta Masar ta ratsa Jidda da Makka, sannan ranar 20 ga Maris 2034 wata za ta shigo Nijeriya ta Legas ta wuce Chadi. In da rai da lafiya zan nemi inda za ta bi in je in tsaya, kuma ba zan riƙe komai a hannuna ba.

A daren nan na azumi, da na ga 'yata ba ta gaskata ni ba, sai na lalubo ɗan guntun na miƙa mata. Ta kalla har ƙarshe ta ce, "Abba, ai ba a ga ranar ba, takalma ne kawai." Na ce ta mayar farko ta kara a kunne. Ta mayar, ta saurara, ta sake mayarwa. Ta ce, "Kai ne ka ja sallar?" Na ce a'a, kakanta ne. Daga nan aka tayar da iƙama a masallacin layinmu, na karɓi wayata na laluba takalmana.